Gidan gado a Garin Malam: wace takarda ce ke tabbatar da mallaka?

Wata malamar makaranta ta rubuto mana daga nan Damagaram tana cewa: "Dillali ya nuna mini gida a unguwar Garin Malam, na taya, an sallama. Mai sayarwar ya ce gidan mahaifinsu ne da ya rasu, kuma abin da ke hannunsa takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa. Yana neman kafin alƙalami jikka 500. Me waɗannan kalmomi ke nufi a gaban shari'a, kuma in biya?"

Malama, kada ki biya tukuna, domin takardun gida ba darajarsu ɗaya ba. Takardar da aka nuna miki shaida ce kawai cewa an taɓa yin ciniki tsakanin mutum biyu a gaban shaidu, amma ba ta tabbatar da cewa wanda ya sayar a wancan lokaci shi ne mai gidan ba. Sama da ita akwai akt-da-sesiyon, wato takardar da ma'aikatar magajin gari ke bai wa wanda aka yanka wa fili bayan an yi lotisma (rarraba ƙasa zuwa filayen gini), wadda ke ɗauke da lambar rukuni da lambar filin. Mafi ƙarfi ita ce titir fonsiye, wadda ake rubutawa a kundin filaye na gwamnati bayan ma'aikatan awo sun kafa duwatsun iyaka, kuma a wannan kundi ne ake rubuta jingina idan an karɓi bashin banki da gidan. Tun 2006 aka sauƙaƙa hanyar samunta da tsarin da ake kira Sheda. Ki karɓi kwafin duk abin da ke hannun mai sayarwar, ki je da ƙafarki ki duba sunan da ke cikin rajista, domin fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu ba baƙon labari ba ne a kotunanmu.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne kalmar gado. Muddin ba a raba gado ba, gidan na magada ne gaba ɗaya, maza da mata, har da ƙanwar da ke aure a Maraɗi da ƙanen da ya tafi ci-rani, kuma babban wa ba shi da ikon sayar da rabon kowa don kawai shi ne babba. Ki nemi takardar kotu da ta lissafa magada, sannan kowanensu ya sa hannu, ko ya ba da wakilci a rubuce, wanda ya ambaci wannan gida da izinin sayar da shi. Idan kuwa rabonsa kaɗai ya sayar miki, akwai abin da malamanmu na Malikiyya ke kira shufa'a: abokin tarayya yana da haƙƙin ya biya ki kuɗin da kika bayar ya karɓe rabon, kuma wanda ke gari ya san da cinikin yana da kimanin shekara guda kafin haƙƙin ya faɗi. Na ga iyalin da suka gama shafe da fenti kafin wannan magana ta taso musu.

Shi kuma kafin alƙalami, magana ɗaya ce mai ma'ana biyu. Wani yana ɗaukarsa somin biya, wani kuma yana ɗaukarsa kuɗin da mai sayarwa ya ci idan mai saye ya fasa, alhali a mazhabar Malikiyya ba a yarda da wannan sharaɗi na biyu ba. Saboda haka a rubuta ƙarara cewa kuɗin ɓangare ne na farashi, kuma za a maido miki su idan takardu ba su cika ba zuwa rana kaza. La'adar dillali ma a yanke ta tun yanzu, a faɗi wanda zai biya.

Ranar biyan sauran kuɗi, ki yi shi a gaban noter, wanda aikinsa ne ya tantance masu ciniki ya rubuta yarjejeniyar da hukuma ta amince da ita. Daga nan a biya kuɗin rajista a ofishin haraji, a sauya suna a takardar gidan zuwa naki. Ki tanadi kuɗin waɗannan matakai a cikin lissafinki tun kafin ki koma wurin dillalin.