Ba ƙarfin damtse ke kai ƙwallon golf nesa ba

Ƙanena, tambaya biyu ka yi mini. Ka ce me ya haɗa mu, Hausawan da ke zaune a Aberdeen ta ƙasar Sikotlan, da golf, wasan manyan mutane. Sannan ka ce tun da ka fara zuwa filin golf na Kaduna, duk sanda ka ɗauki babbar sandar nan ta bugun farko, wadda ake kira direba, sai ƙwallon ta lanƙwashe ta yi dama ta faɗa ciyawa, komai ƙarfin da ka sa.

A Sikotlan golf ba na manya ba ne. Mai tuƙa bas yana bugawa, mai gyaran famfo yana bugawa, tsohuwa mai cin fansho ma tana jan jakarta. Garin nan yana da filaye na jama'a, irin su Hazlehead da Balnagask da Kings Links, ka biya kuɗin shiga ka buga, ba sai wani ya tsaya maka ba. Tsohon filin St Andrews da duniya ke ji da shi, yawancin ranakun Lahadi ba a wasa a cikinsa, mutanen gari ne ke shiga shan iska da 'ya'yansu. Abin ya daɗe a jininsu, har a 1457 Sarki James na Biyu ya hana shi domin yana ɗauke wa samari hankali daga koyon harbin baka.

Mu kuwa aikin mai ko karatu ko asibiti ne ya kawo yawancinmu. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan goma na dare, don haka in an tashi aiki an yi la'asar, akwai sararin buga rami tara kafin magariba. Kowa shi ke ɗaukar jakarsa. Ba ma sa kuɗi a kan wasa, ko da fam ɗaya ne, kuma abokan wasanmu Turawa sun san da haka. In an gama su nufi wajen shaye-shayensu, mu mu buɗe bayan mota mu sha shayi. Baƙon da ya shigo cikinmu kuwa ba a fara miƙa masa direba. Tsayuwa ake fara koya masa, kuma kai ma daga nan nake so ka soma.

Zan ɗauka da dama kake bugu. Buɗe ƙafafunka su ɗan zarce faɗin kafaɗa. Sunkuya daga ƙugu, ka tura mazaunai baya, gadon bayanka a miƙe, ba ƙusumbi ba. Gwiwa ta ɗan saki kaɗan, hannaye su sauko da kansu, nauyinka ya zauna a tsakiyar tafin ƙafa. Ƙwallon ta kasance daidai da cikin dunduniyar hagu, a kan ɗan tsinken da ake ɗora ta, rabinta ya leƙo saman kan sandar. Tunda hannun dama ne a ƙasa wajen riƙo, bar kafaɗar dama ta sauka ƙasa da ta hagu. Dalili shi ne direba tana son ta tarar da ƙwallo tana kan hawa, bayan ta wuce ƙarshen gangarowarta.

Tsayuwar ba ta da wuya, riƙe ta har a gama bugu shi ne aikin. Da yawa suna farawa daidai, amma da sanda ta taho sai ƙugu ya matso wajen ƙwallo, jiki ya miƙe, hannaye su rasa hanyar wucewa. Da hunturu, lokacin da duhu ke shiga tun kafin huɗu na yamma, a ɗaki muke maganin wannan: ka tsaya mazaunanka na taɓa bango, ka rungume hannu a ƙirji, ka juya dama ka juya hagu ba tare da ka rabu da bangon ba. In ka juya baya ɓangaren dama ne ke manne, in ka dawo na hagu ya karɓa.

Sai sakin sanda, wato barin kanta ya wuce da cikakken gudu daidai wurin ƙwallo, inda nake zaton matsalarka take. Ƙwallon da ke lanƙwasa dama tana gaya maka cewa fuskar sandar a buɗe ta same ta, wato tana kallon dama, kuma galibi sandar ta yanko ta ne daga waje zuwa ciki. Mai neman ƙarfi yakan damƙe sanda har jijiyoyin hannu su fito, ya fara saukowa da kafaɗar dama, ya zubar da duk gudun tun sanda tana sama. Ka tuna majajjawar korar tsuntsu a gona: ba a tura dutsen da hannu, jiki ke juyawa, igiya ta biyo, a saki a kan kari. To a nan ma ƙafar hagu ce ke fara taka ƙasa, ƙugu ya juya, ƙirji ya bi, hannaye su biyo, kan sanda ya zo a ƙarshe. Sassauta riƙo. In ka dubi hannun hagu ka ga gaɓoɓin yatsu biyu ko uku, ya yi. Da wuce ƙwallo, hannun dama ya haye kan na hagu da kansa.

Ga gwajin da na fi yarda da shi. Juya sandar ka riƙe ta wajen kanta, ka kaɗa mariƙin a iska, ka saurara. In ƙarar ta fito a damanka, ka saki da wuri. So ake ta fito daidai wurin ƙwallo zuwa hagu. In ka gama bugu kuma, tsaya cak ka ƙirga uku: nauyi a ƙafar hagu, cibiya na kallon inda ka nufa, dunduniyar dama a sama. Wanda ya yi tangaɗi kafin uku ya wuce ƙarfin da jikinsa zai iya riƙewa.

Dubi shahararren ɗan wasan golf Rory McIlroy. Tsawonsa bai wuce mita 1.75 ba, amma a 2023 matsakaicin bugunsa na farko ya kai yadi 326 a jerin gasannin ƙwararru na Amurka, ya zarce ƙattin da suka fi shi jiki. Mu nan iskar teku ce ke koya mana wannan dole, domin in ka fusata ka maka wa ƙwallo cikin iska, sama take tashi ta tsaya ta faɗo kusa. Paul Lawrie, ɗan garin nan, a irin wannan yanayi ya taso, kuma shi ya ci babbar gasar Birtaniya a Carnoustie a 1999, bayan ya shiga ranar ƙarshe ana gabansa da bugu 10.

Kada ka yi gaggawar sayen sabuwar sanda. Duba dai lambar da ke jikin taka, wadda ke nuna yadda fuskar sandar ta kishingiɗa baya. In 9 ce, nemi aron mai 10.5 ko 12, ta fi yafe wa mai koyo kuma tana rage lanƙwasar. Da rani ƙasar Kaduna tana da tauri, ƙwallon da ta tafi miƙe za ta gangara ta ƙara maka nisa. Ka sa wani ya ɗauke ka da waya sau biyu, ɗaya daga bayanka, ɗaya yana fuskantarka, wayar a daidai tsayin ƙugu, ka turo mini in ga inda ƙugunka yake lokacin da sanda ta taɓa ƙwallo.