Yaa Amponsah da Hausa? Zauna tukuna

Wato so kake ka sake rera Yaa Amponsah da Hausa, ka sa a TikTok, kana tambaya ko da laifi. Kai yaro, ka fama mini tsohon miki.

Waƙar nan ta girmi ubanka, ta girme ni. Kwame Asare, wanda ake kira Jacob Sam, shi da 'yan Kumasi Trio suka sa ta a faifai a Landan a 1928, a kamfanin Zonophone. Daga nan duk mai jita a ƙasar nan ta Gana ya ɗebi rabonsa, rabin hailaif, salon kiɗan rawa na Gana, a kan kiɗinta yake zaune. Yadda ake kaɗa tsirkiya kuwa, ba zan ɓata bakina ba. Babban yatsa da manuni ne kawai. Je ka saurari Koo Nimo, gwanin jitar nan na Gana, in kunnenka na aiki.

Ni na riga ka wannan tunanin, zamanin kaset. Na ɗora mata baitocin Hausa, na sa kalangu a ƙasan jita, wata uku muna gwaji a wani shago a unguwar Aboabo ta Kumasi har maƙwabta suka gaji da mu. Wani furodusa mai bakin zuma ya kai mu situdiyo, ya saya mana waakye, wato shinkafa da wake, ya ce maganar takardar yarjejeniya ai sai baƙi, mu 'yan zango ɗaya ne. Na miƙa masa uwar kaset da hannuna. Bayan sallah ina ratsa kasuwar Kejetia sai na ji muryata tana tashi daga rumfar mai kaset. Na ɗauki kwalin na juya: hoton wani ne, sunan wani ne. Da na tare furodusan, buɗar bakinsa sai ya ce waƙar gargajiya ba ta da mai ita. Baitocin fa? Kalangun fa? Ko sidi ɗaya na kuɗi ban gani ba.

Paul Simon, Ba'amurke, da ya ari kiɗin nan a faifansa na 1990, sai da ya biya Gana kuɗi. Bature ya biya, ɗan unguwarmu ya cinye ni.

Ku 'yan yanzu ba kwa ma jira a cuce ku, da kanku kuke watsawa kyauta. Rera abarka, amma baitocinka ka yi musu rajista a ofishin haƙƙin mallaka kafin kowa ya ji. Miƙo jitar nan, tsirkiyarka ta uku ta saki tun ɗazu.