Amsa ga mai tambaya kan bizar aiki a Saudiyya: ka fara sanin sana'ar da aka rubuta maka

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka har sau biyu, kuma tun daga inda ka ce ejan ya nemi ka ba shi fasfonka da rabin kuɗi domin ya samo maka "firi biza" zuwa Saudiyya, idan kuma ba ta samu ba ka shiga da bizar Umra a juya maka ita a can, sai gabana ya faɗi, domin kusan kalmomin da aka faɗa mini ke nan a 2019. Ka ce kai ma aikin wayarin kake yi, kana kuma so ka ji ko akwai wanda ya bi wannan hanya ya ga da kyau. Ni na bi ta, kuma ina roƙonka don girman Allah kada ka ba da ko sisi sai ka gama karanta abin da zan gaya maka.

A dokar Saudiyya babu wata aba mai suna firi biza. Kowace bizar aiki tana fitowa ne da sunan wani kamfani ko wani mutum wanda ya nemi izini a wurin Ma'aikatar Ƙwadago ta ƙasar, kuma tana ɗauke da sana'a guda ɗaya tak, wadda suke kira mihna. Abin da 'yan ejan suke kira firi biza shi ne wani Balarabe ya karɓi izinin ɗaukar ma'aikaci alhali ba shi da aikin da zai ba shi, ya sayar da bizar ta hannun dillalai, kai kuma ka je ka nemi aikinka a gari kana biyan sa duk wata. Yin aiki a wurin wanda ba shi ne kafilinka ba, wato wanda bizar ta fito da sunansa, laifi ne, kuma ranar da aka kama ka kai za a saka a mota, ba ejan ba.

Wanda ya yi mini nawa ba baƙo ba ne, wannan ne ma abin da ya fi ci mini rai har yanzu. Masallaci ɗaya muke salla, ya san mahaifina tun kafin rasuwarsa, kuma idan ya gan ni ba ya kiran sunana, sai dai ya ce "ɗana". Ya zaunar da ni a ofishinsa mai sanyi, da hoton Ka'aba a bango da tulin fasfo ɗaure da roba a kan tebur, ya ce wani kamfanin gine-gine a Jidda yana neman masu wayarin, da ɗaki da abinci da albashi a riyal. Da na ce ina so in ga kwantiragi, sai ya ɓata fuska ya ce, "Haba ɗana, ni za ka tambaya takarda? Ai da na so cutar ka ban bari sai yau ba." Kunya ta kama ni, har ni ne na koma ina ba shi haƙuri. Na sayar da filin da na gada, mahaifiyata ta ƙara mini da kuɗin adashinta, na kai masa a leda, bai ba ni ko rasit ba, ni kuma ban iya buɗe baki na nema ba. Fasfon bai dawo hannuna ba sai a filin jirgi, ana saura ɗan lokaci kaɗan mu tashi, kuma yanzu na gane da gangan ya yi hakan domin kada in sami wanda zai karanta mini. Ni da na sauke Alƙur'ani tun ina yaro, ban tsaya na haɗa baƙaƙen layi ɗaya da ke kan bizata ba.

Sai da na kwana uku a Jidda wani Bahaushe haifaffen can ya duba hoton bizar a wayata, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ai sa'iƙ khas aka rubuta maka." Wato direban gida. Ni ko sitiyari ban taɓa riƙewa ba. Babu kamfani, babu ɗaki, sai wani dattijo da ya karɓe fasfona tun ranar farko ya ce zai yi mini igama, wato katin izinin zama a ƙasar, ya kuma yanka mini abin da zan riƙa kawo masa kowane wata, ban da kuɗin sabunta igamar da shi ma ya ɗora a kaina. Dokarsu ta hana mai aiki riƙe fasfon ma'aikacinsa, amma wanda yake aiki ba bisa ƙa'ida ba da wane baki zai kai ƙara? Haka na zauna a Karantina, mu shida a ɗaki ɗaya, ina bin 'yan kwangila ina ja musu waya, kullum kunnena yana waje ko za a ce ga jami'ai nan. Unguwar ma na ji an rushe ta a rusau ɗin da aka fara a Jidda daga ƙarshen 2021, saboda haka wanda yake lissafin zai je ya raɓe a wurin 'yan'uwa kamar yadda ake yi a da, ya sake lissafi.

Na yi ta lallaɓawa har korona ta zo a 2020, aka dakatar da Umra, aka kafa dokar hana fita, aiki ya tsaya cak. Wata biyu ban kai wa kafilin kuɗinsa ba, a na uku ya daina ɗaukar wayata, daga baya aka duba mini aka ga ya saka mini hurub, wato ya shaida wa hukuma cewa na gudu daga wurin aiki. Daga ranar igamata ta zama kwali kawai. Na kira Alhajin da ya tura ni ya fi sau talatin. Sau ɗaya ya ɗauka, ya ce in yi haƙuri, kowa da irin tasa jarrabawar, shi dai ya cika alkawari tun da ya kai ni ƙasa mai tsarki. Wallahi wannan magana ta fi hurub ɗin zafi a zuciyata, domin ya ɗauki ƙasar da muke ƙauna ya mai da ita garkuwar zaluncinsa.

Za ka ji ana cewa ai an soke kafala, wato tsarin da ya ɗaure ma'aikaci ga kafilinsa, kuma na tabbata ejan ɗinka ma zai faɗa maka. Abin da ya faru shi ne a watan Maris na 2021 Saudiyya ta fara aiki da wani gyara da ya ba ma'aikatan kamfanoni damar sauya wurin aiki da neman bizar fita ba tare da amincewar kafili ba, bisa wasu sharuɗɗa. Amma gyaran bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya da masu gadin gida da masu aikin lambu ba. Ranar da labarin ya fito abokan ɗakina suna murna, ni kuwa ina zaune ina kallon kalma biyun nan da suka fitar da ni daga ciki. Shi ya sa nake ta maimaita maka maganar mihna, domin ita take raba wanda dokar ƙwadago ta rufe da wanda ta bari a waje.

An kama ni ne a bakin wani shago na je sayen burodi, da silifas a ƙafata. A tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, aka ɗauki hoton yatsuna da na fuskata, na zauna makonni har jami'an ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda suka zo suka yi mana takardar tafiya ta gaggawa, tun da fasfona yana hannun kafilin. Ba zaman ne ya karya ni ba. Abin da ya karya ni shi ne ranar da wani ya ara mini waya na kira gida, mahaifiyata ta ɗauka da murna tana tambaya ko na je ziyara Madina, na kasa gaya mata inda nake, na ce mata layi ba shi da kyau. Na sauka Kano da leda ɗaya, da kayan da aka kama ni da su. Juma'ar farko da na fita na tarar da Alhajin da ya tura ni a sahun gaba, sabuwar shadda tana ƙyalli, ya miƙo mini hannu yana cewa, "Ɗana, sannu da dawowa." Na ba shi hannun, kuma har yau ina jin haushin kaina a kan haka.

Maganar shiga da bizar Umra kuwa ka cire ta daga ranka gaba ɗaya. Ba a yin aiki da ita, ba a juya ta ta koma igama, kuma idan wa'adinta ya cika ka zama takari mai ɓuya, ba asibiti, ba banki, ba hayar ɗaki da sunanka. Ka kuma tuna duk wanda ya maƙale yana ƙara tsananta wa masu zuwa ibada na gaskiya daga ƙasarmu.

Na san hanya ta gaskiya tana nan, domin ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya bi ta bayan dawowata, kuma ni na tsaya a kansa. Shi ma'aikacin jinya ne. Sai da kamfanin DataFlow ya tantance takardunsa tun daga makarantar da ta ba shi, ya zauna jarrabawar Prometric, ya yi rajista da hukumar da ke kula da ma'aikatan lafiya ta Saudiyya, asibitin ya yi masa ganawa ta bidiyo ya aiko masa da takardar tayin aiki mai ɗauke da albashi da sa'o'in aiki da hutu. Abin ya ɗauki watanni, har ya fara gajiya, amma tikitinsa asibitin ne ya saya, kuma da ya isa ya ga kwantiraginsa a manhajar Qiwa ta Ma'aikatar Ƙwadagon Saudiyya ya amince da shi da hannunsa. Sashe na 40 na dokar ƙwadagon Saudiyya ya ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci da na igama da na lasisin aiki da sabunta su da tikitin komawa gida a kan mai aikin. To, ka tambayi ejan ɗinka, miliyoyin da yake nema na mene ne? Ka sa ya rubuta maka su ɗaya bayan ɗaya, ya sa hannu, ka biya ta banki da sunan kamfaninsa, ba a leda irin tawa ba.

Ka kuma nemi ya nuna maka lasisinsa na ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, domin lasisin sayar da tikiti ko na jigilar masu Umra daban yake, kuma da yawansu shi kaɗai gare su. Idan ya ce maka "ba ka yarda da ni ba ne?", ka ce masa ka yarda, amma ka fi son ka gani. Kafin komai ma ka je ka yi gwajin ciwon hanta da hoton ƙirji da kuɗinka, domin ana duba ciwon hanta da tarin fuka da ƙanjamau a nan kafin biza, a sake dubawa a can kafin igama, kuma na ga wanda aka juyo da shi bayan ya sayar da shagonsa. Kada ka yarda a "gyara" maka sakamako. Ka duba sunanka da ranar haihuwarka a fasfo da NIN da takardun sana'arka su zo ɗaya, ka tanadi takardar shaidar 'yan sanda da katin rigakafin shawara. Idan akwai mace a gidanku da ake zuga ta da aikin aikatau, su ta manhajar Musaned ta gwamnatin Saudiyya, wadda ake ɗaukar masu aikin gida ta cikinta, ake bi, kuma duk wanda ya ce za a wuce da ita a ɓoye, hukumar NAPTIP aka kafa tun 2003 domin irinsa.

Idan har bizar ta fito, kada ka bari sai a filin jirgi. Ka karɓi fasfonka tun da sauran kwanaki, ka duba bizar a shafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Saudiyya, ka kai wa wanda ya iya Larabcin zamani ya karanta maka abu biyu, sunan wanda ya ɗauke ka da sana'ar da aka rubuta. Idan an sa kahraba'i, wato ma'aikacin lantarki, kuma sunan kamfanin ya yi daidai da na kan kwantiraginka, to, Allah ya sa albarka a tafiyar, ka kuma matsa a yi maka igama cikin kwana 90 na farko. Idan ka ga sa'iƙ khas ko ra'i, wato makiyayi, ko amil manzili, wato mai aikin gida, ka ajiye jakarka. Fasfon naka yanzu yana hannunka ne, ko ka riga ka ba shi? Idan ka ba shi, gobe da safe ka ɗauki wani babba a gidanku ku je tare ku karɓo, domin kai kaɗai kunya za ta hana ka, kamar yadda ta hana ni.