Amsoshin Tambayoyinku: In saya wa ofishinmu na'urar duba kod?

Assalamu alaikum Malam. Mu uku ne a wani ɗan ofis a Jekadafari, nan Gombe, muna rubuta wa 'yan kasuwar hatsi manhajar lissafi. Ni ne babba, duk gyaran da yaran suka yi wa kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi, sai na karanta kafin a haɗa shi da sauran aikin, har aiki kan kwana uku yana jirana. An ce akwai ƙirƙirarriyar basira mai karanta gyara ta rubuta sharhi a gefen layi. In saya?

Wa alaikumus salam. Akwai ta, kuma tana aiki. Da zarar yaronka ya tura gyara GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod, ya nemi a haɗa, sai ta kwatanta tsohon kod da sabo, cikin 'yan mintuna ta manna sharhi a daidai layin da take zargi, wani lokaci har da gyaran da za a karɓa da dannawa ɗaya. Waɗanda aka fi ji su ne Copilot na GitHub, wanda ya buɗe wannan aikin ga masu biya a 2025, da kuma CodeRabbit.

Inda ta fi ƙwarewa shi ne tuntuɓen hannu. A ce manhajarku tana karɓar kuɗi ta Paystack, wanda da kwabo yake lissafi. Yaro ya manta bai ninka da 100 ba, ya tura 5000 yana nufin naira dubu biyar, sai a ciri naira 50 kacal. Kai da ka yini kana kallon allo, ga zafi ga ƙarar janareta, idonka zai iya tsallake layin nan. Irin wannan takan cafke shi, haka ma mabuɗin sirri da aka manta a cikin kod.

To amma ba ta taɓa shiga kasuwar hatsi ba. Ba ta san mudu nawa Alhajin da kuke wa aiki yake lissafa wa buhu ba, ba ta san ko la'adar dillali daga mai saye ake cira ko daga mai sayarwa ba, balle bashin da ake ɗagawa sai ranar kasuwa. Kod zai fito tsaf, ta yaba masa, alhali lissafin Alhaji ya karkace. Ranar da ya buga waya yana faɗa, kai zai nema. Shi ya sa ma sharhin Copilot ba ya zama amincewa, don haka ka bar ƙa'idar nan ta sai mutum ya sa hannu kafin a haɗa.

Abin da ya fi damuna ma yaran ne. Takan yi surutu, ta zubo sharhi rututu a kan sunaye da waƙafi, a ciki ƙalilan ne masu nauyi. Idan yaro ya saba danna karɓa ido rufe, ya daina koyo ke nan. Ka sa musu doka: duk sharhin da suka karɓa ko suka ƙi, su rubuta dalili a ƙasansa, ko da layi ɗaya ne. Ka kuma rubuta mata fayil ɗin umarni mai bayyana ƙa'idojinku, surutun zai ragu.

Kuɗin da dala ne, kuma kowane kai ake biya wa duk wata. A 2025 Copilot na mutum ɗaya dala 10 ne, na kamfani dala 19, amma ka leƙa farashin ranar kafin ka sa kati. Ni dai wata ɗaya zan ce ka fara biya. Ɗauko tsofaffin gyare-gyare biyar da ka san kuskuren da ke cikinsu, ka ba ta. Idan ta gano uku, ta ci kuɗinta.

Malam, ɗaliba ce ni a jami'ar ATBU Bauchi, ina aikin kammala digiri, ba ni da dalar biya.

'Yar'uwa, ba sai kin biya ba. CodeRabbit kyauta ne ga kod ɗin da aka buɗe wa kowa. Sai dai buɗewa na nufin kowa zai gani, don haka ki cire kalmomin sirri da bayanan mutanen da kika tattara, ki kuma tambayi malamin da ke duba aikinki ko ya yarda.

Manhajar wani ƙaramin asibiti nake kula da ita a Bauchi. Ba matsala in haɗa ta da wannan mai duba kod?

Dakata tukuna. Kod ɗin zai fita daga kwamfutarka zuwa ta kamfanin mai duba kod ɗin, kuma sau da yawa akan bar sunayen marasa lafiya na gaske a fayilolin gwaji. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Share su, ka sa na bogi, ka karɓi izinin mai asibitin a rubuce, sannan ka haɗa.