Ruwan madara ko shuɗi a ɗakin amarya

Ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri. Ka ce ɗakin da za ka sa amarya taga ɗaya gare shi, ƙarama, kuma ka rasa fentin da za ka zaɓa tsakanin shuɗi mai haske da ruwan madara. Duka biyun na shafa a gidana, a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, kuma ruwan madara zan ce maka.

Shuɗin na fara sawa. Ranar da mai fenti ya gama, duk wanda ya leƙo sai ya yaba. Hunturu na kamawa, ƙura ta kwanta a bango, ita ja-ja shi shuɗi, daga bakin ƙofa kana hango ta. Uwargida ta sa jiƙaƙƙen tsumma ta goge, da yake fentin ruwa ne sai ya biyo tsumman, bango ya yi dabbare-dabbare. Abin ya dame ni ƙwarai, don kuɗin gyaɗata na shekarar na zuba. Da dare kuma in aka kunna fitilar sola, ɗakin sai ya yi dishi-dishi.

Shi ruwan madara kusan launinsu ɗaya da ƙurar, sai ka matso za ka gan ta. Ɗan hasken da ƙaramar taga ta shigo da shi kuwa, bangon ne ke watsa shi ko'ina.

Kada ka yi gaggawa in filastar sabuwa ce. Ba ta kamar mako 4 ta bushe, in da damina ne ma ƙara, in ba haka ba fentin zai kumbura ya ɓare. Gindin bango, kamar mita 1, sa masa fenti mai mai, ruwan ƙasa, saboda hannun yara da danshi. In Kano za ka shiga, Kasuwar Ƙofar Ruwa, sayi bokiti mai lita 20 gaba ɗaya, don na ciko ba lallai launinsa ya zo daidai ba.

Sannan ka tuna kayan ɗaki dangin amarya ne za su kawo, ba ka san launin kujeru da labulen ba sai ranar jere. Ja ne ko kore, ruwan madara zai karɓe su.