Amsa ga mai son gasa wa ɗanta kek ɗin cakulat da lemu

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya raya mana shi, Ya yi masa albarka. Na ga tambayarki cewa yaronki zai cika shekara 2, kina son ki gasa masa kek ɗin cakulat da lemun zaƙi da hannunki, amma kina tsoron kada ya yi masa ɗaci, kuma ba ki san ko ruwan lemu nawa za ki zuba ba. Na daɗe ina yin irin wannan kek ɗin wa yarana, don haka bari in faɗa miki abin da na gani.

Ranar da na fara yi, kofi guda cur na matse na ruwan lemu na juye a cikin kwaɓin, a tunanina hakan ne zai sa ƙamshi ya fito. Da na buɗe obin sai na tarar tsakiyarsa ya lotsa, cikinsa ya yi danƙo, ƙamshin lemun kuwa ko alama babu. Raina ya ɓaci sosai, don na 'yata ta fari ne kuma na sa rai a kai. Daga baya na gane cewa ƙamshin lemu a ɓawo yake. Wannan fatar ta waje mai launi tana ɗauke da wani mai, shi ne kike ji a hannunki idan kin ɓare lemu. Ruwan kuwa tsami ne da ɗan zaƙi, zafin wuta da ƙarfin koko suna danne shi.

To ki samu lemu 2 masu lafiyayyen ɓawo, ki wanke su da ruwan ɗumi ki cuɗa sosai, saboda wasu ana shafa musu wani abu kamar kakin zuma don su daɗe ba su lalace ba. Ki goge fatar da ƙananan ramukan magogi, a hankali, kina juya lemun. Da kin ga fari ya bayyana ki matsa gaba. Wannan farin na ƙasa shi ne mai ɗacin da kike gudu, kuma yaro ƙarami harshensa ya fi namu saurin kama ɗaci. Sai ki zuba gogaggen ɓawon a cikin sukari, ki murza da yatsunki kamar minti 2, har sukarin ya ɗan jiƙe ya canza launi. Idan ba ki ɗauki komai a cikin maganata ba, ki ɗauki wannan. Ƙwayoyin sukarin ne ke fasa ɓawon su fitar da man, ƙamshin ya ratsa ko'ina a cikin kek ɗin. Za ki ji ɗakin girkin ya ɗauka tun kafin ki kunna wuta.

Ga awon da nake amfani da shi a gwangwani mai faɗin santimita 20: fulawa giram 200, garin koko na cakulat giram 40, sukari giram 160, bakar hoda cokalin shayi 1 da rabi, bakin soda rabin cokalin shayi, ɗan gishiri, ƙwai 2, man girki marar ƙarfin wari mililita 120, madara mililita 120, ruwan lemu mililita 100. Kada ruwan lemun ya wuce haka. Tsaminsa ne ke haɗuwa da bakin sodar su sa kwaɓin ya tashi, shi ya sa da zarar kin haɗa ba a barin kwaɓin ya zauna, sai a sa a wuta nan take. Ki kunna obin tun kafin ki fara, a digiri 180, ko 160 idan mai fanka ne.

Na fi son mai a kan bota a wannan kek ɗin. Na bota yana taurarewa idan ya kwana a firij, na mai kuwa yana nan da laushinsa har kwana 3, yaro zai gutsura da hannu ya tauna ba wahala.

Ki tankaɗe fulawa da koko da hoda da soda tare, don koko yana son yin gudaji. Ki kaɗa ƙwai da sukarin nan mai ƙamshi, ki zuba mai, sannan madara da ruwan lemu. Za ki ga madarar ta ɗan tsinke, kada ki firgita, haka take yi idan ta gamu da tsami kuma ba ta lalata komai. Ki juye busassun kayan a ciki, ki juya da muciya ko cokali har farin fulawa ya ɓace, ki tsaya nan. Yawan juyi yana sa kek tauri. Minti 35 zuwa 40 yake ɗauka. Kada ki buɗe ƙofar obin kafin minti 25. Ki soka tsinke a tsakiya, idan ya fito ba ɗanyen kwaɓi, ya yi.

Maganar ɗaci da ƙarfin cakulat kuma, ina tare da ke. Akwai sinadarin kafin (mai hana barci, irin na cikin kofi) a cikin koko, da wani sinadari ɗan'uwansa mai suna tiyoburomin, kuma baƙin cakulat ya fi mai madara yawansu. Saboda haka ban taɓa wuce giram 40 na garin koko ba idan na yara ne. Za ki ga ana cewa a zuba ruwan kofi mai zafi don cakulat ya fito. Wannan na manya ne, ki bar shi. Haka nan ki duba kwalbar ƙamshin lemu idan za ki saya, da yawansu da barasa ake haɗa su, wasu girke-girken ma giyar lemu suke cewa a zuba. Ɓawon ya isar miki.

Sukarin na rage shi da gangan. Shawarar da masana abinci a Amurka suka bayar a 2020 ita ce kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba abin da aka ƙara wa sukari, to wanda ya kai ɗin ma ɗan yanka kamar yatsu biyu ya ishe shi. Amma kada ki rage ƙasa da giram 140, don sukari shi ke riƙe damshin kek, idan ya yi kaɗan sai ya bushe, ɗacin koko kuma ya fito fili.

A saman, siririn shafe nake yi. Ki ɗora kirim mililita 100 a wuta da ɗan ɓawon lemu, da ya fara tururi ki tace shi a kan yankakken cakulat mai madara giram 200, ki bar shi minti 2 sannan ki juya. Kada ki ɗiga ruwan lemu a kan narkakken cakulat shi kaɗai, nan da nan zai dunƙule ya yi tsakuwa-tsakuwa. Ki bari kek ɗin ya huce sarai kafin ki shafa.

Abin da ya fi damuna da kek ɗin yara shi ne ado. Ƙwayoyin gyaɗa da dangoginsu, alawa mai tauri, ƙananan duwatsun sukari masu ƙyalli, duk suna iya shaƙe yaro, kuma a cikin hayaniyar taro ba kowa ke lura ba. Ki bar su gaba ɗaya. Idan kin cire kyandir, ki ƙirga ki tabbata babu abin da ya rage a ciki. Yaro ya ci a zaune, ke ko wani babba na kusa. Idan akwai jarirai 'yan ƙasa da shekara 1 a wurin, kada zuma ta shiga ko'ina. Ki kuma tambayi iyayen sauran yaran ko akwai wanda jikinsa ba ya karɓar ƙwai, madara ko alkama. Naki ma idan bai taɓa cin lemu ko cakulat ba, ki ɗanɗana masa kwanaki kafin ranar. Ƙaramin ɗana gefen bakinsa kan yi ja idan ya sha lemu, tsamin ne kawai, amma gara ki gani tun da wuri.

Ki gasa ana gobe bikin. Idan ya huce ki naɗe shi da leda ki ajiye a wuri mai sanyi, washegari za ki ji ƙamshin lemun ya ƙara zama a jikinsa, kuma ya fi daɗin yankawa. Shafen ki yi da safe. Idan kin sa shi a firij saboda kirim, ki fito da shi kamar minti 40 kafin a yanka, don cakulat ɗin saman ya saki.