Tambayi Likita: Hasken haƙori, jan goro da masu goga gawayi

Likita, saura wata ɗaya bikina. Akwai shagon gyaran jiki a unguwarmu da ke shafa magani a haƙori, su haska wata shuɗiyar fitila, wai cikin awa ɗaya ya yi fari fat. In je? Daga wata amarya a Obalende.

Allah Ya sanya alheri, ƙanwata, Ya kai mu ranar lafiya. Amma don Allah kada ki je shagon nan.

Maganin da ke haskaka haƙori na gaskiya sinadari ne da ake kira haidurojin faroksayid, ko ɗan'uwansa kabamayid faroksayid. Ratsa ɓawon haƙori yake yi, ya shiga ciki ya kashe launin da ya zauna a can. Wanda muke amfani da shi a kujerar asibiti yana da ƙarfi ƙwarai, yakan kai kashi 25 zuwa 40 cikin 100, shi ya sa kafin mu shafa sai mun lulluɓe dasashi da wani abin kariya mai daskarewa. In ya taɓa dasashi ƙona shi yake, wurin ya yi fari ya hau raɗaɗi. In kuma akwai rami a haƙorin ko tsagewar da ba ki sani ba, maganin zai bi nan ya isa jijiya, ki kwana ba barci. Mai shago ba za ta gano wannan ba, domin ba ta koyi duba baki ba. A ƙasashen Tarayyar Turai, duk maganin da ya wuce kashi 0.1 cikin 100 sai ta hannun likitan haƙori ake samunsa. Ita kuwa fitilar da ke jan hankalinki, abin da take ƙarawa kaɗan ne, maganin ne ke yin aikin.

Ki je sashen haƙori na LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba, ko LASUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas, a Ikeja, ko asibitin kuɗi wanda likitansa ke da rajistar MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya. Za a fara dubawa, a wanke, sannan a yi maganar haskakawa. Ni na fi son hanyar gida: a auni bakinki a yi miki ƴar roba daidai haƙoranki, ki riƙa ɗiga magani mai sauƙi (kabamayid kashi 10 cikin 100) ki kwana da ita, kamar mako biyu. Wata ɗaya ya ishe ki, in kin fara yanzu. Kada ki bari sai ana gobe kamu, domin mutane da yawa haƙoransu kan yi tsami da zogi na ƴan kwanaki bayan aikin. Kuma ki sani hasken ba na dindindin ba ne. Yakan yi watanni zuwa shekara biyu ko uku, gwargwadon yawan shayinki da kofi.

Shekara da shekaru ina cin goro, haƙorana sun yi ja har jikokina na tambaya. Akwai magani? Daga wani dattijo a Agege.

Ranka ya daɗe, Alhaji, naka ya fi na kowa sauƙi. A garin da cinikin goro ne ya tara kakanninmu a cikinsa, wannan ƙorafi kullum sai na ji shi. Jan goro galibi a bayan haƙori yake zama, yana manne wa dattin da ya sandare a gindin haƙora. Buroshi ba ya ɗaga wannan datti, aswaki ma haka. Wankin haƙori a asibiti ne ke fitar da shi: ƴar na'ura mai feshin ruwa ta kankare, sannan a goge ya yi santsi. Sau da yawa ana gamawa sai mutum ya karɓi madubi ya yi ta juya baki yana kallo, ya ce ashe haka launinsa yake. Wasu na tsoron wai wanki na sa haƙori girgiɗi ko wushirya. Dattin ne ya riga ya cinye dasashin, wanki kawai ya bayyana ɓarnar.

Ba zan ce ka bar goro ba, amma ka rage, ka kurkure baki da ruwa duk lokacin da ka gama tauna, kada kuma ka kwana da tuƙa a kumatu. In ana haɗawa da taba, ita ce nake roƙon ka bari, domin ɓarnarta ta wuce launi, tana kaiwa ga sankarar baki.

Na ga a TikTok ana haɗa gawayi da lemon tsami a goge baki. Na yi wata biyu ina yi, yanzu ko ruwan leda mai sanyi na sha sai in ji har ƙwaƙwalwata. Daga wani matashi a Mile 12.

Ka daina yau ɗin nan, ƙanena. Wannan abu yana damuna matuƙa, domin samari da ƴanmata masu lafiyayyun haƙora ke zuwa mana da shi. Tsamin lemon yana tausasa ɓawon haƙori, gawayin kuma ya kankare shi. Ɓawon nan ba farce ba ne da zai sake tofowa. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai launin rawaya, cike da ƙananan kafofi da ke kaiwa ga jijiya. Da ɓawon ya yi siriri sai rawayar ta fito, sanyi kuma ya samu hanya. Wato haƙorin da ka so ya yi fari, ƙara rawaya zai yi. Toka da gishiri ma haka suke kankara.

Ka koma buroshi mai laushi da man goge baki na masu tsamin haƙori, mai ɗauke da fulorayid (sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori), safe da dare, minti biyu, ba da ƙarfi ba. Bayan ka goge ka tofar kawai, kada ka kurkure. In mako biyu ya wuce ba sauƙi, ka zo a duba.

Ƴata mai shekara 9 haƙoranta na gaba sun fito da ɗigo-ɗigon fari da ruwan ƙasa. A ƙauye ta taso wajen kakarta. A haskaka mata? Daga wata uwa a Idi-Araba.

A'a, Hajiya, ba a yi wa yara, sai sun kai shekara 18. Abin da kika kwatanta ya yi kama da illar fulorayid mai yawa a ruwan sha. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 a kowace lita, kuma rijiyoyi da burtsatse a wasu yankuna, kamar Langtang a jihar Filato, sun wuce haka. Maganin tetirasaikilin ma yana rina haƙori daga ciki in an ba yaro ɗan ƙasa da shekara 8 ko mai juna biyu, shi ya sa nake gargaɗi kan sayen kafso a hannun masu talla. Ɗigon haƙoran ƴarki ba ƙazanta ba ce, kada a riƙa yi mata faɗa ko a dirje mata baki. Ki kawo ta a gani, akwai gyaran da ake yi daidai shekarunta.

Na faɗi a babur bara, yanzu haƙorina ɗaya na gaba ya yi duhu, amma ba ya ciwo. Daga wani ɗan acaɓa a Ijora.

Malam, alama ce jijiyar haƙorin ta mutu, kuma rashin ciwo ba lafiya ba ne, ƙwayar cuta na iya taruwa a saiwarsa shiru har ta zama ƙurji. Maganin shafawa ba zai yi masa komai ba. Sai an ɗauki hoton haƙorin, a wanke cikin saiwar a cike, daga nan a haskaka shi ta ciki ko a sa masa hula. Ka zo da wuri, tun ana iya ceto shi ba a kai ga cirewa ba.